Shin dolfin kifi ne, kuma me ya haɗa shi da gadon sarauta?

Wani malamin makarantar firamare daga Tawa ya aiko mini da tambaya nan Yamai. Ya ce ɗalibansa sun ga hoton dolfin cikin littafi, suka ce kifi ne, shi kuwa ya rasa sunan Hausa da zai ba su. Ya kuma ce yakan ji ƴan jarida suna kiran ɗan siyasa "dofan" da Faransanci, wato sunan dolfin a harshen, yana son ya san abin da ya haɗa mutum da dabbar teku.

Malam, na gode da tambaya, kuma kada ka ga laifin yaran. Bahaushe da ido yake raɗa wa abin ruwa suna, duk abin da ya ga yana iyo babu ƙafafu sai ya ce kifi, shi ya sa har wanda ya haɗiye Annabi Yunusa, Alaihis Salam, kifi muke ce masa. Amma a darasin kimiyya ba na son a bar maganar haka, domin dolfin dabba ce mai shayarwa. Da huhu take numfashi ta wata kafa da ke bisa kanta, dole ta riƙa tasowa sama tana shaƙar iska, in kuwa ta maƙale cikin koma a ƙarƙashin ruwa sai ta mutu. Uwar takan ɗauki ciki kusan wata 12 a jinsin da aka fi sani, ta haihu, ta ba ɗanta nono. Alamar da yaro zai fi saurin kamawa ita ce wutsiya: ta kifi a tsaye take, tana kaɗawa dama da hagu, ta dolfin kuwa a kwance, tana bugun ruwa sama da ƙasa.

In kana son su gane da wuri, ka fara musu da ayu. Masuntan kogin Isa sun san ba ya yin ƙwai, sun san yana leƙo da hanci don numfashi, kuma Hausa ta ba shi sunansa daban, kamar yadda ta ba dorina. Sai dai ayu ciyawar ruwa yake ci, dolfin kuwa mafarauci ne mai cin kifi, wanda ke fitar da ƙara ya saurari amsa-kuwwarta don gane inda abinci yake ko da ruwa ya yi duhu. Saboda haka ban yarda da masu fassara dolfin da ayu ba, dabbobi biyu ne. Akwai dolfin na kogi a Amazon da Ganjis da Indus, amma babu shi a koginmu, don haka aron suna ba abin kunya ba ne. Larabci ma "dulfin" yake cewa, asalin kalmar kuwa daga Girkanci ne. Shawarata a rubuta dolfin, a bi shi da bayanin cewa dabbar teku ce mai shayarwa.

Karin magana daga abin da ido ya saba gani take fitowa, kakanninmu kuwa gulbi da tafki da fadama suka sani. Shi ya sa muke da "kifin rijiya" ga wanda bai san faɗin duniya ba, muke da "kifi na ganinka, mai jar koma" ga wanda ya farga da tarkon da ake ɗana masa. Wannan ta biyun takan faɗo mini a rai duk lokacin da na tuna masuntan Imragen na gaɓar Muritaniya, waɗanda aka sani da bugun ruwa da sanda, dolfin su taso su koro garken kifi zuwa cikin komarsu. A can mai koma ya sami mataimaki daga cikin ruwan kansa, abin da ya sa nake ganin ƙaunar da mutanen bakin teku ke yi wa dabbar nan tana da tushe. Girkawan zamanin da suna da labarin mawaƙi Ariyon da dolfin ya cece shi daga nutsewa, shirin talabijin na Flipper da aka fara a Amurka a 1964 ya shigar da ita gidajen mutane, har a Fatakwal an yi ƙungiyar ƙwallo mai sunan dolfin kafin a haɗe ta da wata a 2016.

Batun ɗan siyasa kuwa daga tarihin Faransa ya fito. Masu mulkin wani lardi mai suna Dofine suna amfani da laƙabin Dofan, da hoton dabbar a tambarinsu. A 1349 mai lardin, Humbert na II, ya sayar da shi ga sarkin Faransa, daga nan ɗan sarki mai jiran gado ya riƙa ɗaukar laƙabin. Da tafiya ta yi tafiya, Faransanci ya mai da kalmar ta duk wanda shugaba ya zaɓa ya gaje shi. A nan Hausa ba ta bukatar aro ko kaɗan, domin muna da yarima, muna da magaji, muna da mai jiran gado, a Gobir da Maraɗi kuma sarautar Ɗan Galadima ce ke ɗauke da wannan ma'ana. In ɗan jarida zai fassara labarin siyasa, "magajin da ya zaɓa" ta wadatar, kada ya kawo mana sunan dabba ya rikita mai sauraro.