Inda nake kai karena ya sake a yammacin Houston ba tare da na biya ko sisi ba

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Barka da zuwa Katy da ke yammacin Houston, Allah ya sa kun shiga sabon gida a sa'a.

Tun da safe na ga tambayarka, na bari sai na taso daga aiki in amsa maka a tsanake. Ka ce kana da kare ɗan wata goma da ka ɗauko don gadi, ya fara tone harabar gida yana tauna takalman yara, har ka koma ɗaure shi da sarƙa, kuma kana neman filin da za ka kwance masa igiya ya yi gudu ba tare da an ce ka biya ba. Tun 2016 nake wannan yanki da nawa karen, Duna, baƙi ne ruwa biyu, yanzu har furfura ta fito masa a baki. Filayen kyauta suna nan, masu kyau kuwa, kuma ba su yi maka nisa ba.

Amma bari in fara da sarƙar nan, don ita ta fi damuna. Tun watan Janairun 2022 dokar jihar Texas ta hana a ɗaure kare a waje da sarƙar ƙarfe a tafi a bar shi, kuma dole ya kasance yana da inuwa, wurin fakewa da ruwan sha. A gida mun saba ganin kare a ɗaure a gindin bishiya, ba wanda ya ɗauke shi komai. A nan maƙwabci ɗaya ya leƙo ta saman shinge ya buga waya, sai ka ga jami'in kula da dabbobi a ƙofarka. Don Allah ka cire ta yau. Tonon da taunar da kake gani duk ƙarfi ne ya yi masa yawa bai sami inda zai zubar ba. Ranar da ya yi gudun awa guda, zai dawo ya miƙe ƙafa ya yi barci har magariba.

Abin da ya ɓata mini lokaci da farko shi ne neman fili da sunan gari. Katy a takarda ƙaramin gari ne, amma sunan ya rufe unguwanni masu yawa da ba sa cikin iyakar hukumar garin, kuma yankin ya ratsa gundumomi 3: Harris, Fort Bend da Waller. Don haka tambayar da za ka riƙa yi wa kanka idan ka ga fili a Google Maps ita ce, na wane ne? In na gunduma ne ko na hukumar gari, to da harajin jama'a aka gina shi, kuma duk waɗanda nake zuwa a wannan yanki ba a karɓar komai a ƙofa. In kuwa na ƙungiyar masu gidajen wata unguwa ne, to na mazauna wurin ne kaɗai. Na taɓa tuƙi kusan minti ashirin zuwa wani fili da na gani a taswira, ga ciyawa shar, ga shinge sabo fil, na isa na tarar ƙofar sai da katin mazauna unguwar take buɗewa. Duna na ta kai gwauro yana kai mari a bayan mota, haka muka juyo. Akwai kuma manhajar Sniffspot, inda mutane ke ba da hayar harabar gidansu na awa ɗaya ko biyu. Tana da amfaninta, amma ta kuɗi ce, ba ita ka tambaya ba.

Mafi kusa da kai shi ne na hukumar garin Katy da ke kan titin Franz. Yana da faɗi, akwai wurin da karnuka ke shiga ruwa, kuma an ware ɓangaren ƙananan karnuka daban. Da shi nake ba ka shawara ka fara.

Wanda na fi so kuwa shi ne Millie Bush, a cikin babban dajin shaƙatawa na George Bush, kan titin Westheimer Parkway. Sunan wata karya ce ta tsohon shugaban ƙasa George Bush babba da matarsa Barbara, wadda ta zauna da su a Fadar White House tsakanin 1989 da 1993. Filin ya haura eka 10, da kududdufai na iyo, da hanyar tafiya, da benci a inuwa, da famfon wanke kare a bakin fita. Wannan famfon kada ka raina shi. Karen da ya shiga ruwa ya fito ya yi birgima a ƙasa, in ka saka shi a mota haka, sati guda motar za ta yi tana ƙarni. Can arewa kaɗan, a kan babbar hanya mai lamba 6 kusa da Bear Creek, akwai na Bill Archer, wanda aka sa wa sunan ɗan majalisar wakilai da ya wakilci wannan yanki daga 1971 zuwa 2001. Ya fi eka 15, wato zai haɗiye filin ƙwallo takwas, kuma an yi kududdufansa da siffar ƙashi. In kuma wata rana hidima ta kai ka Sugar Land, akwai Pawm Springs a cikin Memorial Park na garin, kan titin University. Ya fi waɗancan ƙanƙanta, amma ana kula da shi sosai.

Ga abin da taswira ba za ta faɗa maka ba. Dajin George Bush, mai faɗin kusan eka 7,800, a cikin madatsar ruwa ta Barker yake, shi kuma Bill Archer a cikin ta Addicks. Injiniyoyin sojan Amurka ne suka gina waɗannan madatsun a shekarun 1940 don su tare ruwan sama kada ya malale tsakiyar Houston ta kogin Buffalo Bayou. Da rani busasshiyar ƙasa ce ana wasa a kai, da an yi ruwa mai ƙarfi kuwa aikinta ne ta cika. Lokacin guguwar Harvey a watan Agustan 2017, makonni aka yi wuraren na ƙarƙashin ruwa. Ba ma sai guguwa ba, ruwan kwana biyu a jere kan sa a rufe hanyar shiga. Saboda haka duk ranar da aka kwana ana ruwa, sai na duba shafin kula da wuraren shaƙatawa na gundumar Harris ko shafinsu na Facebook kafin in tayar da mota. In sun rufe, sai in nufi titin Franz.

Zuwanka na farko, ka bar karen a gida. Na san zai yi maka kamar ɓata lokaci, amma minti ashirin kawai nake roƙo. Ka tsaya a bakin shinge ka karanta allon dokokin wurin, ka zagaya ka ga ko akwai inda waya ta ɓalle ko aka tone ƙarƙashinta, ka murɗa famfo ka ga ko akwai ruwa. Sannan ka kalli mutanen, ba karnukan ba. In ka ga masu karnuka a tsaye suna bin nasu da ido, wuri ne mai kyau. In ka ga kowa ya zauna ya duƙufa a kan waya, karnuka sun taru a kan guda ɗaya suna tattaka shi ba mai cewa uffan, to ka canja lokacin zuwa.

Da jikin Duna na koyi wannan. Wata Asabar da la'asar, a wani fili da ba sai na faɗi sunansa ba don ba laifin wurin ba ne, na shiga da shi igiyarsa na wuyansa. Karnuka biyar ko shida suka yo kansa a bakin ƙofa, kowa na son ya sunsune shi. Shi yana ɗaure, ba halin ya ja da baya, sai na ga gashin bayansa ya miƙe, wutsiya ta sandare, ya fara gurnani ƙasa-ƙasa. Kafin in ankara wani ƙato ya cafke masa kunne. Mai shi yana can nesa bai ma san abin da ake ciki ba. Ɗinki uku aka yi masa, kuma ya fi wata guda in mun doshi shinge sai ya turje. Ka lura, waɗannan filaye ƙofa biyu gare su, da ɗan sarari a tsakani kamar zaure. Amfaninsa ke nan: ka shiga ta farko ka rufe, ka kwance igiyar a cikin zauren, ka dakata har masu tarbar su gaji su watse, sannan ka buɗe ta biyu. Da kun shiga kada ka tsaya a bakin ƙofa, ka yi ta tafiya, shi zai biyo ka. Igiyar kuma ta zauna a hannunka, ba a rataye a shinge ba.

Tunda naka na gadi ne, ka yi wa kanka gaskiya game da halinsa. Shin in ka kira sunansa yana dawowa ko da ya ga abin da ya ɗauke masa hankali? In ba ya dawowa, ka fara koya masa a gida da doguwar igiya da ɗan abin lasawa a aljihu. Kuma ka fara kai shi ranar aiki da sassafe, lokacin da bai fi karnuka uku ko huɗu a ciki ba, minti goma sha biyar ku fito tun yana marmari. In ka ga yana kafe wani kare da ido, jiki a sandare, baki a rufe, kada ka jira ka ga ƙarshen abin, ka kira shi ku matsa. A wata goma ƙuruciya ke ɗibarsa, kuma in ba a yi masa fiɗiya ba, wasu mazan karnuka za su riƙa neman sa da faɗa. Ka yi shawara da likitan dabbobi a kan lokacin da ya dace. Ba kowane kare ne ke jin daɗin taro ba, kuma in naka ya zama cikinsu ba abin kunya ba ne. Hanyoyin tafiya na dajin George Bush suna da tsawo, sai dai a can dole igiya na wuyansa, don a wajen shingen doka ba ta yarda a saki kare ba.

Shiga kyauta ce, amma akwai kuɗin da ba makawa sai ka kashe kafin ka je. A Texas wajibi ne a yi wa kare allurar rigakafin ciwon hauka kafin ya wuce wata 4, kuma ka bar ɗan ƙarfen shaidar a wuyansa. Ni ina ajiye hoton takardar a waya. Ka tabbata ya gama alluran ƙuruciya, musamman na cutar nan mai sa amai da gudawar jini da likitoci a nan ke kira parvo, don ƙwayarta tana daɗewa a ƙasa. Ka tambayi likita batun allurar tarin da karnuka ke shafa wa juna a wurin taro. Sai maganin tsutsar zuciya, wanda nake roƙonka kada ka yi wasa da shi. Sauro ne ke ɗaukar cutar, ka kuma ga irin sauron Houston, kusan duk shekara yana nan. Ƙwaya ɗaya ce a wata, likita zai fara gwada jininsa kafin ya rubuta. In aka bari ta kama shi, jinyar tana da tsada da wahala, kuma makonni zai yi a killace ba gudu. Maganin ƙuma da kaska ma haka.

Zafi kuwa, kada ka ce ai mu 'yan ƙasar rana ne. Mu muna gumi, shi kare da haki yake huce jikinsa, kuma laimar iskar nan tana hana hakin yin aiki. Daga Yuni zuwa Satumba, in zafi ya doshi digiri 38, wato 100 a ma'auninsu na nan, bayan sallar asuba da gari ya waye nake fita, ƙarfe takwas da rabi mun dawo. Ka ɗora bayan hannunka a kan kwaltar wurin ajiye motoci, in ba ka iya jurewa ka ƙirga bakwai ba, tafin ƙafarsa ma ba zai jure ba. In ka ga harshe ya zazzago ya yi faɗi, yawu na dalala, yana tangaɗi, ka kai shi inuwa ka jiƙa masa ciki da ƙafafu da ruwa mai ɗan sanyi, ka nufi asibitin dabbobi. Ka riƙa zuwa da gorar ruwanka da kwanonsa. Ka duba ƙasa kafin ka tsaya, don akwai wasu jajayen tururuwa masu tara ƙasa kamar ƙaramin suri, cizonsu ya fi na cinnaka zafi. Ruwan da ka ga ya yi kore da gansakuka kamar an zuba fenti, kada ya shiga, kada ya sha. A 2019 karnuka sun mutu a Austin bayan sun yi iyo a tafkin Lady Bird saboda dafin irin wannan gansakukar. Kuma a rafukan da ke wajen shinge akwai kada da macizai, ba labari ba ne.

Leda biyu ko uku a aljihu kullum, don kwashe kashinsa a kanka yake. Akan saka ledoji a bakin ƙofa, amma sukan ƙare. Ƙananan yara kuma ka bar su a gida ko a wajen shinge, yaro in ya tsorata ya ruga, karnuka bin sa za su yi. Kada ka shiga da abinci.

Wani daga cikinmu zai ce yaya batun sallah. Ni dai ina da riga da wando da takalmi na zuwa fili kaɗai, a gareji suke kwana, da tsohon bargo a kujerar baya. Malamanmu na Malikiyya ba sa ɗaukar jikin rayayyen kare najasa, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya lasa sau bakwai, amma da yawa daga waɗanda muke haɗa sahu da su a masallatan nan Hanafawa ne da Shafi'awa, su kuwa yawunsa najasa ne a wurinsu. Canja kaya ya raba ni da kokwanto, ya kuma kiyaye haƙƙin na kusa da ni.

In ba a yi ruwa ba, ranar Lahadi da ƙarfe bakwai na safe ina Millie Bush, ɓangaren manyan karnuka. Ka zo da naka da takardar allurarsa. Za mu fara zagayawa da su a waje, kowanne da igiyarsa, su saba da warin juna. Duna ya tsufa, ba ya biye wa yara, da shi ya fi dacewa naka ya shiga zauren nan karo na farko.