Fankar tsohuwar kwamfuta da madubin hangen taurari

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na haɗa na'urar hangen taurari da hannuna, faɗin madubinta inci 8. Idan na fito da ita bayan magariba, sai Mushtari (wato Jupiter) ya yi ta rawa a cikinta, ba ya tsayawa sai wajen ƙarfe goma. An ce mini zafi ne. Fankar kwamfuta za ta yi maganinsa? Daga wani mai karatu a Barnawa, Kaduna.

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Na ji daɗin tambayar nan ƙwarai. Wanda ya ce maka zafi ne ya faɗi gaskiya.

Gilashi mai kauri yana da nawa wajen sakin zafi. Madubin ya wuni a ɗaki mai rufin kwano, ka fito da shi iska ta fara sanyi, musamman da hunturu da sanyin Kaduna ke saukowa da sauri bayan faɗuwar rana. Sai iska mai ɗumi ta kwanta a fuskar madubin, hasken tauraron ya ratsa ta sau biyu, da shigarsa da fitarsa, ta karkatar da shi. Irin rawar da kake gani a saman kwalta da tsakar rana ce. Bambancin digiri 1 ko 2 tsakanin zafin madubin da na iskar waje ya isa ya ɓoye maka zanen jikin Mushtari.

Ka gwada ka tabbatar. Saita tauraro mai haske, ka ɗan murɗa abin daidaita gani har tauraron ya bazu ya zama faifai. Idan ka ga wani abu kamar hayaƙi yana tashi a hankali ta gefe guda, zafin cikin bututun na'urar ne. Idan faifan duka yana ɓari da sauri, iskar sama ce, wannan kuwa fanka ba ta da ikonta.

Fankar kwamfuta ta milimita 80 ta wadatar, za ka iya lalubo ta a kasuwar Panteka ko wurin masu gyara. Yawancinsu volt 12 suke ci, wasu ba sa tashi da fawa bank mai volt 5, don haka ka duba rubutun bayanta. Ɗaura ta a bayan madubin tana hura masa iska. A nan ake yawan kuskure: kada ka ɗaure ta da ƙusa a jikin katakon da ke riƙe da madubin, girgizarta za ta mayar da tauraro ɗan layi. Rataye ta da robar ɗaure kuɗi ta kusurwa huɗu. Saboda ƙurar hunturu, sa siririn soso a inda take jan iska. Ƙurar da ta sauka a madubin kuma kada ka goge ta da tsumma, shafen alminiyon da ke mayar da haske a saman gilashin yake, zai karce.

Ban yarda da sa madubi a firji ko gaban na'urar sanyaya ɗaki ba. Abin da ake nema shi ne ya yi daidai da iskar waje. Idan ya fi ta sanyi raɓa za ta lulluɓe shi, balle da damina.

Fito da na'urar da wuri, ka ajiye ta a inuwa, ka kunna fankar kamar minti 30 zuwa awa ɗaya kafin kallo. Ka kafa ta a kan ƙasa ko ciyawa, domin siminti ma yana ta amayar da zafin rana har cikin dare.