Mijina ba ya karɓar gyara ko kaɗan: larura ce? Tana da magani?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata tara da aure. Mijina mutum ne mai faran-faran a waje, kowa yabonsa yake yi, amma a gida ba wanda ya isa ya ce ya yi kuskure. Kwanaki yana ba baƙi labari ya faɗi wata shekara ba daidai ba, na gyara masa cikin raha, sai da ya yi mako guda bai ce mini uffan ba, wai na tozarta shi. Ko ina kwance ba lafiya, hirar sai ta koma kan wahalar da shi yake sha. Na karanta cewa akwai larurar tsananin ji da kai da ake kira NPD. Ita ke damunsa? Ana warkewa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da haƙuri, zama da wanda kullum shi ne mai gaskiya yana gajiyar da zuciya. Ba zan iya yanke cewa mijinki yana da wannan larura daga wasiƙa ba, sai an zauna da shi kansa an ji tarihinsa tun daga ƙuruciya. Amma abin da kika bayyana ya isa mu yi maganar larurar da kyau.

Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da ita cikin kundinta na tantance cututtuka a 1980, kuma bugun 2013, wato DSM-5, ya kawo alamomi tara. Mutum ya riƙa ganin ya fi kowa muhimmanci yana zuzuta abin da ya cim ma, ya shagala da mafarkin mulki ko ɗaukaka, ya ɗauka shi na daban ne sai manya irinsa za su fahimce shi. Akwai ƙishirwar yabo, da jin cewa haƙƙinsa ne a fifita shi, da amfani da mutane don biyan buƙatarsa, da kasa jin abin da wani ke ji, da hassada ko zargin ana yi masa ita, sannan girman kai a fili. Sai biyar daga cikin taran sun taru, sun bi shi tun farkon zamansa babban mutum, sun bayyana a gida da wurin aiki da cikin abokai, kuma suna jawo ɓarna, kafin a kira abin larura. Mai taurin kai ko mai son a yabe shi kawai bai shiga ciki ba. Ƙiyasin yawan masu ita ya sha bamban daga bincike zuwa bincike, ƙiyasi mafi girma ya kai kusan kashi 6 cikin ɗari na jama'a, kuma kashi 50 zuwa 75 na waɗanda aka tabbatar suna da ita maza ne.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne abin da ke ƙarƙashin wannan isa. Daga waje za ki ga mutum ya cika da kansa. A ciki kuwa, darajar da yake ba kansa kamar tulu ce mai huji, dole a yi ta zuba mata yabo, da an dakata sai ta tsiyaye. Shi ya sa gyaran shekara guda a gaban baƙi, wanda wani zai yi dariya ya wuce, shi yake jinsa kamar an tsiraita shi. Kunyar da ke taso masa ta fi ƙarfinsa, sai ya juya ta ta zama fushi, ko gaba, ko ɗora miki laifi. Wasu masu larurar ba sa cika baki ma. Shiru-shiru ne, masu saurin jin an raina su, kullum suna ganin duniya ba ta ba su matsayin da ya dace da su ba. Mutum ɗaya yana iya kai-kawo tsakanin yanayin biyu.

Dalilinta ba ɗaya ba ne. Akwai rabon gado, akwai kuma tarbiyya. Wani bincike da aka buga a 2015, wanda ya bi yara 565 a ƙasar Holan, ya nuna cewa yaran da iyaye ke nuna musu sun fi sauran yara daraja sun fi tasowa da ji da kai, waɗanda kuma suka sami ƙauna da kulawa zalla suka taso da yarda da kai mai kyau. A gefe guda, yaron da aka yi watsi da shi, ko wanda ba a nuna masa so sai ya ci jarrabawa, yakan gina wannan isa don ya kare kansa.

Batun magani: babu ƙwaya ko allurar da aka amince tana kawar da wannan larura. Ana ba da magani idan akwai ciwon damuwa, ko fargaba, ko shaye-shaye, waɗanda sukan zo tare da ita. Ainihin jinyar zama ce ta tattaunawa da ƙwararre, sau ɗaya ko biyu a mako, kuma takan ɗauki shekaru. Masana sun fito da hanyoyi daban-daban: akwai hanyar da Otto Kernberg da abokan aikinsa suka tsara, wadda ke amfani da abin da ke faruwa tsakanin majinyaci da likita a ɗakin. Akwai ta Jeffrey Young, mai bin diddigin tunanin da ya kafu tun yarinta, irin su "in ban fi kowa ba, ni ba kowa ba ne". Akwai kuma ta Peter Fonagy da Anthony Bateman, mai koya wa mutum tsayawa ya karanci zuciyarsa da ta wanda ke gabansa kafin ya mayar da martani.

Ga yadda aikin yake. A ce likita ya makara da minti biyar. Majinyaci ya haɗe rai ya ce, "Da wani babba ne da ba ka bar shi yana jira ba." Likita ba zai yi musu ba, ba kuma zai shiga lallashi ba. Zai ba da haƙuri kan makarar, sannan ya tambaye shi, "A cikin mintunan nan biyar, me ka ji game da kanka?" Ranar da mutumin ya iya cewa "na ji kamar ban da amfani", maimakon ya tashi ya fita, an ci babban mataki. Irin wannan ake ta maimaitawa har ya iya jure suka ba tare da ya ji ya rushe ba. Da yawa suna yanke jinyar a tsakiya, gaskiya ce, amma waɗanda suka daure suna iya canzawa, kuma zafin halin yakan ragu da shekaru.

Wuyar ita ce kai shi wurin likita. Da wuya mai wannan hali ya zo don kansa, galibi sai aiki ya kuɓuce, ko aure ya fara girgiza, ko damuwa ta kwantar da shi. Don Allah kada ki jefa masa sunan larurar cikin faɗa, zai ji shi zagi, ƙofar kuma ta rufe. Ki zaɓi lokacin da yake cikin natsuwa ki ce, "Gabar nan tana cutar da ni, kai ma na ga ba ka jin daɗinta. Mu je mu ga wanda zai taimaka mana." Ki faɗi abin da ba za ki lamunta ba a taƙaice, misali in aka fara zagi za ki bar ɗakin, kuma ki aikata hakan kowane lokaci.

Ke ma kina buƙatar mai saurarenki. Ko ya ƙi zuwa, ki je ki ga ƙwararre ke kaɗai, kuma kada ki yanke hulɗa da 'yan'uwa da ƙawayen da kika yarda da su. Idan abin ya kai ga duka, ko barazana, ko hana ki fita, ko hana ki kuɗin hannunki, wannan cin zarafi ne ko da larura ko babu. A nan kada ki jira jinyarsa, ki sanar da wanda kika amince da shi, ki nemi wurin da ke da yaranki za ku tsira, in kuna da yara.