Motata tana ƙas-ƙas amma ta ƙi tashi

Tambaya: Assalamu alaikum oga. Ina zaune a Makka wajen Shara Mansur, ina da Camry 2012 otomatik. Shekaranjiya bayan sallar asuba na murɗa makulli sai na ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, fitilun dashbod suna lumshewa, ta ƙi tashi. Maƙwabcina ya ba ni ishtirak, wato ya haɗa min wuta da waya daga batirin motarsa, ta tashi, yau da safe kuma ta sake. Wani ya ce salaf ne in canza shi. Batirin bai cika shekara biyu ba. Don Allah mene ne shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sawwaƙe. Kada ka sayi salaf tukuna, don Allah riƙe kuɗinka. Tunda aka ba ka ishtirak ta tashi to salaf ɗinka yana aiki, wuta ce ba ta isar shi.

Salaf, wato kik da muke cewa a gida, yana da wani ɗan abu a jikinsa da ake kira dagma, shi ne in ka murɗa makulli yake tura haƙorin salaf cikin fulawil, wato faifan ƙarfe mai haƙora da ke juya inji, sannan ya haɗa babbar wuta. Dagma ba ya cin wuta sosai amma shi salaf yana jan sama da amfiya 100 a lokaci guda, to in batir ya yi rauni sai ya iya ɗaga dagma, salaf na fara ja wutar ta faɗi, dagma ya saki, wuta ta ɗan dawo ya sake kamawa, haka za su yi ta yi. Wannan ita ce ƙas-ƙas ɗin da kake ji, shi ya sa ma fitilu ke lumshewa. Da salaf ne ya mutu yawanci ƙara ɗaya za ka ji, ƙwas, sai shiru, fitilu kuma tar.

Fara buɗe bonet ka kama kan batir ka girgiza. In ya motsa a hannunka, ko ka ga wani farin gari mai kore-kore kamar gishiri ya taru a kai, to ƙila ka gama gano matsalar. Kashe mota, kwance na baƙar waya da farko sannan na ja, wanke su da ruwan zafi da ɗan bikabonet, goge da burushin ƙarfe har su yi ƙyalli, wajen mayarwa ja ne farko, ka ɗaure tamau. Bi baƙar wayar har inda aka ɗaure ta a bodi ka duba ko ta yi tsatsa. Wallahi abin yana min ciwo in ga mutum ya sayi sabon batir alhali sifana mai lamba 10 kawai yake buƙata.

In kawunan lafiya suke sai a sa mitar auna wuta, kowane mai wutar mota a sina'iya, wato unguwar garejoji, yana da ita. Mota a kashe ta kwana, batir mai lafiya zai nuna bolt 12.6, in 12.2 ne rabi ya rage, ƙasa da 12 kuwa ya zube. Wani ya murɗa makulli kana kallo, in ya faɗi ƙasa da 9.6 alhali an cika shi da caji, batir ya gama yayi. Kada ka ce ai bai shekara biyu ba. Zafin Makka da yake haura digiri 45 da bazara yana ƙafar da ruwan batir ya cinye farantan ciki, a ƙasar nan batirin da ya shekara biyu ya yi ƙoƙari. Nemo fatura, wato rasit, ka duba ko damanin, wato garanti, bai ƙare ba.

Amma kafin ka saya a gwada dinamo, wato abin da ke cajin batir in mota na kunne. Mota a kunne mita ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5, in ta tsaya wajen 12 to dinamo ba ya caji, sabon batirin ma kwana kaɗan zai yi ya kwanta. Sannan tunda da safe take yi maka, duba ko akwai abin da ke shan wuta cikin dare, kyamarar gaban gilashi, cajar waya da aka bari a soke, ko fitilar but da ba ta mutuwa.

Wajen ishtirak ka kula. Ja a kan fulos na mataccen batir, ɗaya bakin a fulos na mai rai, baƙi a mainos na mai rai, bakin ƙarshe kuma ka maƙala shi a ƙarfen inji nesa da batir, saboda batir na fitar da iska mai kama wuta. In aka juya wayoyin ana iya ƙona dinamo har da kwamfutar mota. Turawa kuma ba taka ba ce, otomatik ba ta tashi da turi.

Wani abu da nake faɗa wa kowa tun ambaliyar Jidda ta 2009, in mota ta mutu a cikin ruwa ka murɗa ka ji ƙwas ɗaya, cire hannunka ka kira satha, wato motar ɗaukar mota, ƙila ruwa ya shiga silinda kuma dagewa zai lanƙwasa kwanrod, wato ƙarfen da ke riƙe fistan. Taka dai ba wannan ba ce. Gwada ka turo min lambobin da mita ta nuna, in sha Allah za mu gane wanne ne.