Wasa na tsattsayawa idan na kunna HairWorks, katina ne ya lalace?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da katin hoto na kwamfuta, Radeon RX 580 na kamfanin AMD. Wasan Witcher 3 na tafiya lafiya lau, amma da zarar na kunna HairWorks sai ya fara tsattsayawa, musamman idan kyarketai suka taso min. Wani mai gyara ya ce katin ne ya fara mutuwa, wai sai a sake masa BIOS (manhajar da ke cikin katin da ke tayar da shi) ko a sa manhajar da ke "buɗe" fasahar Nvidia a kan AMD. Da ƙyar na tara kuɗin katin nan, hankalina ya tashi. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, katinka lafiyarsa ƙalau.

HairWorks fasahar zana gashi ce da ke cikin kunshin GameWorks na Nvidia, kuma da tesaleshan (rarraba siffa zuwa ƙananan gutsattsari masu yawa) yake zana gashi, sili-sili. Lokacin da wasan ya fito a 2015 matakin tesaleshan ɗin ya kai 64, wanda ya dace da ƙarfin katunan Nvidia na zamanin, na AMD kuwa suka sha wahala. Har masu GeForce, wato katunan Nvidia, sai da suka yi asarar firam, wato hotunan da kati ke zanawa a kowace daƙiƙa. Idan kana son firam 60 a daƙiƙa, kowane hoto ba shi da ko milisakan 17. Kyarkeci biyar, kowanne da gashinsa, ga gemun Geralt, jarumin wasan, ina lokacin zai isa?

Maganar mai gyaran nan ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai na ji irinta. Me za a buɗe? HairWorks ba a kulle yake ba, katinka yana yin sa, shi ya sa ma kake ganin gashin yana kaɗawa. Abin da aka ɗaure da katin Nvidia shi ne PhysX, fasahar lissafin motsin abubuwa kamar ɓaraguzai, wanda ya shiga hannunsu a 2008 da suka sayi kamfanin Ageia. A wasa irin Borderlands 2, mai AMD furosesarsa ce ke ɗaukar wannan nauyi, shi ya sa wasan ke rarrafe idan ɓaraguzai suka cika allo. Kuma babu fayil ɗin da za ka sauke ya mayar da Radeon ya zama GeForce. Yawancin irin waɗannan manhajoji tarko ne, ko su sace maka kalmomin sirri, ko su riƙa haƙar kirifto da katinka kana barci.

BIOS kuwa ya fi muni. An taɓa kawo min kati bayan irin wannan "gyara". Na kunna, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin. Mai shi, yaro matashi, ya zura wa allon ido yana jiran ya kawo haske. Da lafiyarsa katin ya je wurin mai gyara, saboda gashi kawai! Mutum bai duba zafin kati ba, bai taɓa saitin wasa ba, ya yanke hukuncin mutuwa. Wannan ba sana'a ba ce, cin amana ne.

Ga abin da za ka yi. Buɗe wasan da zaɓin DirectX 11 (tsarin Windows da wasa ke bi wajen amfani da kati). A manhajar AMD ka nemi saitin tesaleshan, ka ƙwace ikon daga hannun wasan, ka tsayar da shi a 8 ko 16. Da wuya idonka ya ga bambanci. Idan bai isa ba, bar HairWorks a kan Geralt kaɗai. Ni dai kashe shi nake yi baki ɗaya, domin gashin asali na wasan ma yana da kyau.