Tambaya da Amsa: Ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ dole ce, ko mai karatu zai gane?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, ni nake rubuta saƙonnin faɗakarwa da muke tura wa iyaye mata ta waya, da takardun da muke liƙawa a bango. Kwanan nan hankalina ya tashi. Wani ya gyara mani "su na" zuwa "suna", wani ya mayar da shi yadda yake, na uku kuma ya ce in daina wahalar da kaina da haruffa masu ƙugiya, wai Bahaushe zai gane ko babu su. Tsorona kada rubutuna ya sa wata uwa ta yi abin da ba shi nake nufi ba. Wanne ne daidai?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malama, tsoronki yana bisa hanya, kuma da masu rubuta mana sanarwa suna da irinsa da an huta.

Na farko ne ya yi daidai. Ina, kana, kina, yana, tana, muna, kuna, suna, ana: duk a haɗe. Haka yake, take, suke, da yakan, sukan. Zan da zai a haɗe suke, amma za ta, za mu, za ku, za su, za a, a rabe. "Ban" da "bai" a haɗe, "ba ta" da "ba su" a rabe. Mallaka tana manne da suna: maganinsa, allurarta. Wakilin sunan da aiki ya faɗa wa kuwa yana tsayawa shi kaɗai: a duba shi, a ba ta, a kawo su. Ne da ce ba sa mannewa da komai. Ki kuma kula da "a kan" da "akan": a ajiye a kan tebur, amma akan sha shi da safe.

Maganar na ukun ita ce mai haɗari, kuma ita ce ta fi yaɗuwa.

Duba wannan jimla kamar yadda ake yawan rubuta ta: "Kada a bata maganin." Me aka ce? Idan "kada a ba ta maganin" ne, an hana a ba mara lafiya. Idan "kada a ɓata maganin" ne, an ce a kula da shi, kada ya lalace ko ya salwanta. Umarni biyu ke nan masu hannun riga da juna, kuma duka biyun suna iya fitowa daga ɗakin magani guda a rana guda. Mai jinyar da ke riƙe da takardar ba ta da wanda za ta tambaya cikin dare. Za ta zaɓi ɗaya. Marubucin ya ƙi sa tazara, ya ƙi sa ƙugiya, ya bar ta da canke.

Ba ita kaɗai ba ce. Ƙashi daban, kashi daban, kuma a takardar asibiti kowanne yana iya zuwa. Ɓari daban, bari daban. Ƙishi alama ce da mai ciwon suga yake kawowa, kishi kuwa ba aikin likita ba ne. Ƙafa da kafa, baƙi da baki, ƙi da ki, ɗa da da, 'ya'ya da yaya. Waɗannan ba kalma ɗaya ce da aka yi wa kwalliya ba. Sautin ɓ ba na b ba ne, kamar yadda t ba d ba ne, kuma babu Bahaushen da yake gauraya su a baki. A takarda ne kawai ake gauraya su, sannan a ce ai za a gane.

Abin da masu wannan magana ba sa lura da shi shi ne, tun asali bokon Hausa ya riga ya ɗora wa mai karatu kaya. Ba ma nuna tsawon wasali, ba ma nuna karin sauti. Gari na zama da gari na tuwo iri ɗaya muke rubuta su, ma'anar jimla ce take raba su. To, wanda yake ta wannan ƙoƙari a kowane layi, sai kuma a zare masa ƙugiya, a manne masa kalmomi, a ce ya ci gaba da canka? Wanda ya ƙware zai iya. Amma saƙonki ba don shi kike rubuta shi ba. Don wadda ta tsaya a firamare ne, ko ta koya a ajin yaƙi da jahilci, mai bin baƙi ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa ma yaro ne yake karanta wa uwarsa, kuma yaro abin da ya gani shi yake furtawa.

Masu cewa Hausa ba ta da ƙa'ida, kowa ya rubuta yadda ya ga dama, su ne suka fi ba ni takaici, domin ba su bincika ba. Tun cikin shekarun 1930 haruffa masu ƙugiya suka shiga ɗab'in Hausa a Zariya, kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. An kafa Hukumar Hausa a 1955. An zauna a Bamako a 1966 kan rubutun harsunan Afirka ta Yamma, Hausa tana ciki, an kuma zauna a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijeriya da Nijar. Bambancin da ya fi fitowa fili a yau shi ne Nijar tana rubuta ƴ, Nijeriya tana rubuta 'y. Duk wannan aiki yana nan a rubuce, amma sai wanda bai taɓa buɗe littafin ƙa'idojin rubutu ba ya hau Facebook yana yanke hukunci. Haka wasu ofisoshi: a kai musu takarda da ƙugiyarta, mai buga rubutu ya goge, wai kwamfuta ce ta yi kuskure, shugaba ya sa hannu bai karanta ba. Da Ingilishi ne aka yi wa haka, da an dawo da takardar tun daga bakin ƙofa.

Uzurin na'ura ma ya ƙare. A waya, ki shiga saitin allon rubutu, irin Gboard, ki ƙara Hausa; haruffan za su fito. A Word, ki rubuta 0253 ki danna Alt da X tare, ɓ zai fito. 0257 na ɗ ne, 0199 na ƙ. Manyansu 0181, 018A da 0198. Ki guji tsoffin samfurin haruffan nan da suke ɗora ƙ a kan q, ɗ a kan x, ɓ a kan v, domin da zarar takardar ta je kwamfutar da ba ta da su sai ki ga "qasa" da "xan" da "vata". Kafin ki kai wa maɗaba'a, ki mayar da ita PDF, kuma ki ce sai kin ga gwaji kafin a buga da yawa. Ki fi sa ido a kan kanun, domin a manyan haruffa ne ƙugiya ta fi zubewa.

Wuri ɗaya ne matsalar take da tushe, wato saƙon tes. Harafi mai ƙugiya guda yana rage abin da saƙo ɗaya yake ɗauka daga 160 zuwa 70, wasu ƙananan wayoyi kuma sukan nuna ɗan akwati a madadinsa. A nan ki sake ginin jimlar yadda ba za ta ɗauki ma'ana biyu ba ko da ƙugiyar ta faɗi: "Kada mara lafiya ta sha wannan magani," ko "A adana maganin, kada ya lalace." Sannan ki ba wadda karatunta bai yi nisa ba ta karanta miki da babbar murya kafin ki tura, ki saurari inda ta yi tuntuɓe, ki gyara wurin.