Hukuncin fakewa da yin salla a cocin bakin hanya

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni direba ne, ina ɗaukar kaya daga Gombe zuwa Gembu. Muna cikin hawan dutsen Mambila bayan mun wuce Mayo Selbe mota ta lalace, ga ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga sanyi. Babu gida kusa sai wani ɗan ƙaramin coci a bakin daji. Wani dattijo ya buɗe mana, muka fake ni da yaron mota. Rana ta kusa faɗuwa, sai na shimfiɗa darduma a lungu na yi la'asar. Da na ba da labari a tasha, wasu suka ce sallata ta ɓaci, wani ma ya ce sai na sake kalmar shahada. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, sallarka ta yi, babu ramuwa a kanka, imaninka kuma yana nan daram.

Asali a mazhabarmu ta Malikiyya, salla a coci makaruhi ce. Mai Risala ya lissafa coci cikin wuraren da aka hana salla, Shehu Halil kuma a Mukhtasar ya fayyace cewa karhanci ne, kuma ba a sake ta. Imamu Malik ya faɗi dalili a Mudawwana: tsoron najasa, da hotuna da siffofin da ke ciki. Haka Bukhari ya kawo cewa Sayyidina Umar ya ƙi shiga coci saboda mutum-mutumi, Ibnu Abbas kuwa yana salla a ciki, sai dai idan akwai su. Ka ga ke nan ba ginin ne abin gudu ba, abin da ke cikinsa ne.

To amma ga inda matsalarka take. A Mudawwanar dai an tambayi Malik game da matafiya a ƙasar sanyi, dare ya riske su a ƙauyen da babu mafaka sai coci, ga ruwan sama da ƙanƙara. Ya ce yana fatan akwai yalwa idan lalura ce, amma ba a so a sauka nan idan an samu wani wuri. Duk wanda ya taɓa kwana a Mambila da damina ya san tambayar nan kamar dominsa aka yi. Tsayawa kan kwalta a kwanar dutse, cikin hazo, manyan motoci na gangarowa, jefa rai ne cikin haɗari, kuma tsakiyar hanya ita ma tana cikin wuraren da aka hana salla. Barin la'asar har rana ta faɗi kuwa ya fi duk wannan muni.

Ba ka faɗa mini abin da ke cikin ɗakin ba. Da yawa daga ƙananan coci-cocin ƙauye benci ne kawai da teburi da gicciye a bango, wasu kuma akwai mutum-mutumi. Idan haka ta sake faruwa, nemi lungun da babu ko ɗaya a alƙiblarka, ka shimfiɗa abu mai tsarki, ka nemi izinin mai wurin tukuna. Kada ka cire musu komai, kada ka juya musu komai. Ɗakinsu ne, alfarma suka yi maka. Allah ya ambaci irin waɗannan ɗakuna tare da masallatai a Suratul Hajji, aya ta 40, cikin abubuwan da yake karewa daga rushewa. Dattijon nan kuma ya cancanci godiya, in ka sake bi ta nan ka riƙa masa ɗan abin hannu.

Abin da bai halatta ba shi ne shiga cikin ibadarsu: rusuna wa gicciye, kunna kyandir don neman tabarruki, ko amsa waƙar da ke jingina wa Allah ɗa. Wanda ya tarar ana ibada ya raɓe daga baranda har a tashi.

Shi kuwa mai cewa ka sake shahada, ya ji tsoron Allah. Fitar da Musulmi daga addini ba hirar tasha ba ce, kuma hadisi ya tabbata cewa kalmar takan koma wa mai faɗinta.

Wani abu kuma: Gombe zuwa Gembu ya zarce mil 48 nesa ba kusa ba, don haka ƙasaru sunna ce a kanka. Kana da sauƙin haɗa azahar da la'asar idan rana ta yi zawali kana Mayo Selbe, kuma ka san ba za ka sauka ba sai bayan magariba. Allah ne mafi sani.